In an cire Amurkawa, wa ya fi kowa a damben masu nauyi?

In dai maganar damben boksin ajin masu nauyi ake, aka ce wa ya fi kowa tun da aka fara, gardamar ba ta da tsawo, manya za su ce Muhammad Ali, wanda ya ɗan bi tarihi ya ce Joe Louis, mu da muka taso da kaset ɗin bidiyo mu ce Tyson, kuma duk ukun Amurkawa ne. Amma ka ce to a cire Amurka gaba ɗaya wa ya rage a sama, nan ne za ka ga majalisa ta hargitse. A nan Katsina samari Anthony Joshua za su ce maka tun kafin ka rufe baki, masu bin abin a waya su ce Usyk, wani ya tuno maka 'yan Klitschko da suka yi shekara da shekaru ba wanda ya iya da su. Ni kam Lennox Lewis nake sawa a gaba, sai dai dalilina ba zai fito ba sai an fara gane yadda aka yi kambun ya daɗe haka a hannun ƙasa ɗaya.

Daga 1934 da Max Baer ya ƙwace kambu hannun Primo Carnera ɗan Italiya, ba wani wanda ba Ba'amurke ba da ya sake taɓa shi sai 1959, shekara 25 kenan cur. A shekarar ne Ingemar Johansson ɗan Suwidin ya kai Floyd Patterson ƙasa har sau 7 a turmi na 3 ya amshe, amma shekara ɗaya kawai abin ya yi a hannunshi Patterson ya maido kayanshi a 1960, daga nan kuma shiru kake ji sai 1983 da Gerrie Coetzee na Afirka ta Kudu ya buge Michael Dokes. Mutane na ɗauka wannan duk ƙarfi ne kawai, eh akwai ƙarfi, ba mai musu, zamanin Ali da Frazier da Foreman ba wasa ba ne. Amma fa wuƙa da nama duk a hannunsu suke, kuɗin nasu ne, manyan filayen nasu ne tun daga Madison Square Garden na New York har zuwa otal-otal ɗin Las Vegas, dillalan da ke haɗa dambe nasu ne, gidajen talabijin nasu ne, in ba su ga dama ba ko kai waye ba za ka shiga fili da mai kambu ba.

Kuma akwai waɗanda aka hana ƙiri-ƙiri. Peter Jackson baƙar fata ne da aka haifa a tsibirin St Croix ya yi suna a Ostireliya, a 1891 ya yi turmi 61 da James Corbett ba wanda ya ci, amma John L. Sullivan mai kambu a lokacin ya ce shi baya dambe da baƙi, shi kenan magana ta ƙare, Corbett ɗin ne ya samu damar a shekara mai zuwa ya zama zakara. Sam Langford ɗan Kanada shi ma haka, gajere ne ƙwarai, daga ƙananan aji ya faro yana hawa yana bugun waɗanda suka ninka shi a jiki, ya taɓa dambatawa da Jack Johnson a 1906 kafin Johnson ya ci kambu, bayan ya ci kuma ya ƙi sake ba shi fili, abin takaici baƙi ɗan'uwanshi, saboda damben baƙi da baƙi ba ya kawo kuɗi a lokacin kuma ya san Langford haɗari ne. Langford ya ci gaba da dambe har idanunshi suka tafi, daga baya aka same shi makaho a wani ɗaki a Harlem ba shi da ko sisi. Duk sanda na ga jerin sunaye babu shi sai in ji ba daɗi, mutum ne da ba a taɓa bari ya nuna iyakarshi ba.

Ɗaya ƙofar kuma siyasa ce ta rufe ta. Ƙasashen kwaminisanci, Tarayyar Sobiyet da Kyuba da sauransu, sun haramta damben kuɗi, ɗan dambe na ƙasa ne, Olamfik kawai zai je ya dawo. Teofilo Stevenson na Kyuba ya ci zinare sau 3 a jere, 1972 da 1976 da 1980, an yi mashi tayin miliyoyin daloli ya fito ya kara da Ali ya ƙi, Felix Savon ya biyo bayanshi shi ma zinare 3. Ba yadda za a yi ka auna su da wanda ke yin turmi 15, damben Olamfik turmi 3 ne, amma dai ka riƙe a ranka cewa rabin duniya na waje aka yi ta kiran mutum zakaran duniya.

Cikin na da ɗin da suka samu suka kutsa, Bob Fitzsimmons haifaffen Ingila da ya tashi a New Zealand ya cancanci a ambace shi, maƙeri ne, nauyinshi bai fi kilo 76 ba ya buge Corbett a 1897 da naushi ɗaya a ƙahon zuci. Tommy Burns na Kanada abin da aka fi tunawa da shi shi ne ya yarda ya ba Jack Johnson fili a Sydney a 1908. Carnera ƙato ne amma 'yan daba ne suka riƙa juya harkarshi, ba na sa shi a lissafi. Wanda ya fi su duka nauyi a wurina Max Schmeling ne na Jamus. Yadda ya ci kambu a 1930 ba abin alfahari ba ne, Jack Sharkey ne ya nushe shi ƙasan cibiya aka kore shi aka ba Schmeling yana kwance. Amma abin da ya yi a 1936 shi ne maganar. Joe Louis na da shekara 22 ba a taɓa cin shi ba, kowa ya ɗauka Schmeling ya tsufa an kawo shi ne a taka a wuce, shi kuma ya zauna ya yi ta kallon fina-finan damben Louis har ya lura cewa in ya jefa hagu yakan sauke hannun kafin ya maido shi, sai ya yi ta ɗora mashi dama ta saman wannan gurbin har ya gama da shi a turmi na 12 a New York, a gidansu. A ƙa'ida shi ya kamata ya kara da mai kambu James Braddock, amma aka yi ciniki ta bayan fage aka ba Louis damar a 1937, ka ga abin da nake faɗa na wuƙa da nama. Da suka sake haɗuwa a 1938 Louis ya gama da shi cikin daƙiƙa 124, kuma Hitler ya riga ya ɓata mashi suna da farfaganda alhali mutumin manajanshi Bayahude ne ya ƙi korarshi, har yara biyu Yahudawa ya ɓoye a ɗakinshi na otal a Balin lokacin da ake farautarsu. Ya rayu har 2005, shekara 99.

To yanzu ma'auni. Kalmar zakaran duniya ta yi arha tun da ƙungiyoyi suka zama huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da bel ɗinta, ana iya samun zakaru huɗu lokaci guda kuma ba wanda ya taɓa ɗan'uwanshi. Shi ya sa ni ba na kallon yawan bel ko yawan shekarun da mutum ya yi yana riƙe da shi. Duk wanda ke zuwa gidan dambenmu na gargajiya ya san ba a tambayar shekara nawa ka yi kana shiga fili, wa ka kashe ake tambaya, kuma lokacin da ka kashe shi yana ganiyarshi ne ko ya riga ya saki. Da wannan nake auna su duka.

Lewis an haife shi a Landan a 1965, iyayenshi 'yan Jamaika, yana ɗan shekara 12 ya koma Kanada wurin mahaifiyarshi, kuma Kanada ya ciyo ma zinare a Olamfik ɗin Seoul a 1988, wanda ya buge a wasan ƙarshe kuwa Riddick Bowe ne Ba'amurke. Ka riƙe sunan nan. A watan Oktoban 1992 aka haɗa Lewis da Razor Ruddock, wanda a shekarar baya ya yi dambe biyu masu zafi da Tyson, aka ce duk wanda ya ci shi zai kara da zakara, Lewis ya gama da shi a turmi na 2. Bowe ya buge Evander Holyfield mai kambu a lokacin ya zama zakara, maimakon ya cika alƙawari sai ya kira 'yan jarida a Landan ya jefa bel ɗin WBC a kwandon shara a gabansu dan kar ya haɗu da Lewis. A 1996 kuma ɓangaren Tyson dala miliyan 4 suka biya Lewis ya ɗan dakata, daga baya Tyson ya saki bel ɗin gaba ɗaya. Wato shekarun da Lewis ke kan ƙarfinshi, manyan Amurka biyu kauce mashi suka yi, ba shi ya kauce masu ba, wannan ya kamata a sa a sikeli in ana cewa wai tsofaffi ya buga.

Dan ana faɗin hakan kuma akwai gaskiya a ciki. Holyfield ya haura 36 lokacin da suka haɗu a 1999, Tyson ɗin da ya buga a Memphis a 2002 a turmi na 8 ba Tyson ɗin 1988 ba ne ko kusa. Amma duba damben farko da Holyfield a New York, na'ura ta ƙirga naushin Lewis 348 da suka shiga, na Holyfield 130, alƙalai suka ce kunnen doki, duniya ta ɗauka har sai da aka sake a Nuwamba a Las Vegas ya ci ya haɗa bel uku a hannu. Kuma tsakanin nan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, Tony Tucker, Frank Bruno, Tommy Morrison, Ray Mercer da ya ba shi wuya ƙwarai, Andrew Golota a turmin farko, Shannon Briggs, Michael Grant da Amurka ke ta tallatawa a matsayin magaji ya gama da shi a turmi na 2, David Tua mai hagun da ke kwantar da mutane ya hana shi ko matsowa turmi 12. Mutum ne mai tsawon ƙafa 6 da inci 5 amma ya iya dambe daga nesa da hannun gaba, in ya ga dama kuma ya shigo ya ƙare zance da dama.

Rauninshi haɓa da sakaci. Sau biyu aka ci shi kuma duk naushi ɗaya ne na dama, Oliver McCall a 1994 a Landan, sai Hasim Rahman a 2001 a Afirka ta Kudu inda ya tsaya harkar fim a Las Vegas ya iso a makare bai saba da iskar wurin ba, ga shi wuri ne mai tudu da numfashi ke wuya. Abin da ya burge ni shi ne abin da ya yi bayan faɗuwar farko, kocin da ya shirya McCall ya gano lagonshi, Emanuel Steward, shi Lewis ya je ya ɗauko ya ce gyara ni. Ya rama a kan McCall a 1997, ya rama a kan Rahman watanni bakwai bayan faɗuwar da wata dama a turmi na 4 da har yau ake yawo da bidiyonta. Ya yi dambe 44, ya ci 41, an ci shi 2, kunnen doki 1, kuma duk mutumin da ya taɓa shiga fili da shi sai da ya ci shi. Na ƙarshe shi ne Vitali Klitschko a Los Angeles a 2003, Lewis na da shekara 37, ya zo da ƙiba kilo 116 bai shirya da kyau ba, Vitali na gaba a maki wurin alƙalai duka uku, amma damar Lewis ta tsaga mashi saman ido tsagar da ta ci ɗinki kusan 60, likita ya tsaida wasa bayan turmi na 6. Masoyan Vitali har gobe suna cewa da an bari da ya ci, ni kuma ina cewa naushi ne ya yi tsagar ba karo da kai ba, kuma a turmi na 6 ɗin Lewis ne ya ɗaga mashi kai da naushin ƙasa. Abin da zan yarda da shi kawai shi ne ya kamata ya sake ba shi fili kafin ya yi ritaya a 2004, bai yi ba.

Bayan tafiyar Lewis gidan Amurka ya rushe, kuma dalilan a fili suke. Ƙaton yaro mai ƙarfi a can yanzu ƙwallon kwando ko ƙwallon Amurka zai nufa, akwai karatu kyauta a jami'a akwai albashi mai tsoka ba sai an fasa mashi fuska ba, rabon da su ci zinare a manyan ajin nan a Olamfik tun Ray Mercer a 1988. A ɗaya gefen kuma Sobiyet ta wargaje a 1991, duk yaran da gwamnati ta raina a makarantun wasanni suka fito kasuwa, dillalan Jamus suka kwashe su. A watan Agustan 2006 bel huɗun nan duka suna hannun 'yan tsohuwar Sobiyet, Wladimir Klitschko da Oleg Maskaev da Nikolai Valuev da Sergei Liakhovich.

A wannan filin 'yan Klitschko suka yi mulki. Wladimir ya riƙe kambu daga 2006 zuwa 2015, ya kare shi sau 18 a jere, a lissafin takarda ba wani wanda ba Ba'amurke ba da ya kama ƙafarshi, kuma ba na raina wannan dan zama a sama shekara tara ba tare da ka yi sakaci ko sau ɗaya ba aiki ne, abin da Lewis kanshi ya kasa. Amma sai ka tambaya wa ya buge. David Haye da Alexander Povetkin da Samuel Peter da Chris Byrd su ne manyan, sauran da yawa ko sunansu ba a tunawa, rashin farin wata ne tauraro ke haske. Kuma kafin Steward ya gyara shi shi ma, mutum uku sun tsaida shi, Ross Puritty da Corrie Sanders da Lamon Brewster, Sanders ma a turmi na 2. Salon da ya koma yi, jefa hagu, jefa dama, rungume, ya yi mashi aiki amma ya kori 'yan kallo. Yayan nashi Vitali ni a ganina ya fi shi zama ɗan dambe, ba a taɓa kai shi ƙasa ba a damben kuɗi, sau biyun da aka ci shi rauni ne, kafaɗa a hannun Byrd a 2000 sai idon nan a hannun Lewis, ya tafi jinya kusan shekara huɗu ya dawo a 2008 kai tsaye ya amshe bel. Matsalar ita ce su biyun sun yi ma mahaifiyarsu alƙawarin ba za su taɓa dambe da juna ba, wannan abin a yaba ne a gida, amma ma'anarshi ita ce na ɗaya da na biyu a duniya ba su taɓa haɗuwa ba tsawon zamaninsu, kowannensu ya rasa babban sunan da zai sa a tarihinshi. Vitali yanzu shi ne magajin garin Kyiv tun 2014.

Wanda Vitali ya amshe ma bel a 2008 namu ne, Samuel Peter ɗan Akwa Ibom, da ya buge Maskaev a Meziko a watan Maris na shekarar. Peter na da naushi, a 2005 sau uku ya kai Wladimir ƙasa amma aka ci shi da maki, ƙafa ce babu. Wanda na fi jin zafinshi Ike Ibeabuchi ne, a 1997 shi da David Tua suka jefa naushi 1,730 tsakaninsu a turmi 12 ya ci, a 1999 ya buge Chris Byrd a turmi na 5, mutumin da daga baya ya riƙe kambu, dambe 20 ba a ci shi ba, sai shari'a da gidan yari a Amurka suka cinye ƙuruciyarshi. Da shi da Lewis sun haɗu a 2000 da mun ga abu, amma ba a ba mutum matsayi da abin da bai faru ba.

Sai Joshua, kuma na san nan ne za a ji haushina. Ina son yaron nan, yana da ladabi, baya ɓoye cewa shi ɗan Shagamu ne, zinarenshi na Landan 2012 gaskiya ne, kuma daren Wembley na 2017 gaban mutum 90,000 da ya tashi daga ƙasa a turmi na 6 ya gama da Wladimir a na 11 yana cikin mafi kyawun damben da aka yi a wannan ƙarnin. Amma Wladimir na da shekara 41 a ranar kuma ya fi shekara bai yi dambe ba. Bayan nan Andy Ruiz ya kai Joshua ƙasa sau huɗu a New York a 2019, ya rama a Saudiyya, Usyk ya ci shi sau biyu, Daniel Dubois ya buge shi a turmi na 5 a 2024. So hana ganin laifi ne ke sa mu kai shi sama, yana cikin goma na farko in an cire Amurkawa, amma ba ya cikin uku. Tyson Fury ya fi shi baiwa nesa ba kusa ba, shi ya kawo ƙarshen mulkin Wladimir a Jamus a 2015, ga dambe uku da Deontay Wilder da tashin nan da ya yi a turmi na 12 a 2018 bayan kowa ya ɗauka ya tafi, sai dai in ka cire sunaye biyun nan jerin nashi ba kauri, ya ɓata shekaru a waje, kuma Francis Ngannou ɗan Kamaru da bai taɓa damben boksin na kuɗi ba ya kai shi ƙasa a 2023.

Wanda ke sa ni sake tunani da gaske Oleksandr Usyk ne. Bahago ne ɗan Yukren haifaffen Kirimiya, zinare a 2012, ya fara share ajin da ke ƙasa da masu nauyi kuma yadda ya yi shi ne abin mamaki, kowa gidanshi ya bi shi, Glowacki a Folan, Huck a Balin, Briedis a Riga, Gassiev a Masko, Bellew a Manchester. Ya hau ajin manya ya je Landan a 2021 ya amshe bel uku hannun Joshua, yaƙi ya ɓarke a ƙasarshi a Fabrairun 2022 ya koma gida ya shiga cikin masu tsaron gari, ya fito ya sake cin Joshua a Jidda a watan Agusta.

Daren damben farko da Fury a Riyad, 18 ga Mayun 2024, a wani gidan kallo wajen Ƙofar Ƙaura na kalla, dare ya raba janareta na ta ruri, benci ya cika wasu na tsaye ta baya, kuma kusan kowa Fury yake yi saboda girma, mutum mai ƙafa 6 da inci 9 ya fi abokin karawarshi da kusan kilo 18. Daga turmi na 4 zuwa na 6 Fury na ta zuba mashi naushin ƙasa da na ciki yana wasa da hannu a baya, samari na ihu an gama an gama. Kusa da ni akwai wani dattijo mahauci da ya yi dambe da ƙuruciya, bai ce komai ba sai da ya dafa ni ya ce, "Ɗan nan, bar kallon hannu, kalli ƙafar bahagon ga, kullum tana wajen ƙafar ƙaton, shi ke zaɓen inda za a tsaya." Na ce Baba ai ana dukanshi, ya ce ana dukanshi amma wa ke ja da baya. Daga turmi na 8 abin ya juya, a na 9 hagu ta shiga, Fury ya riƙa tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan, igiyar ce kawai ta riƙe shi, rafali ya ƙirga mashi ƙararrawa ta cece shi. Wannan ƙirgar ce ta raba gardama, alƙali ɗaya 115 da 112 Usyk, ɗaya 114 da 113 Fury, na ukun 114 da 113 Usyk. Usyk ya zama mutum na farko da ya haɗa duka kambun ajin tun bayan Lewis a 1999, kuma na farko da ya haɗa huɗu. A Disamba Fury ya dawo da kilo 127, alƙalai uku duka suka ba Usyk 116 da 112, a Yulin 2025 kuma Usyk ya buge Dubois a Wembley a turmi na 5.

In fasaha zalla ake magana, ƙafa da numfashi da karanta abokin karawa a tsakiyar dambe, na yarda Usyk ya fi Lewis, kuma ba a taɓa cin shi ba, baya sakaci, ga shi ƙarami yana bugun manya. Abin da ya hana ni ɗora shi sama shi ne zuwa damben Dubois na 2025, dambe 8 kacal ya yi a ajin masu nauyi, 6 daga ciki da mutum uku ne, Joshua da Fury da Dubois kowa sau biyu. Lewis ya yi shekara 11 yana karo da manyan ajin, lokacin da Amurkawa ke da sauran ƙarfinsu da dillalansu da alƙalansu, a filayensu, shi ya fasa ƙofar da aka rufe ma su Jackson da Langford da Schmeling, waɗanda suka biyo baya a buɗe suka same ta. Dan haka nawa jerin Lewis ne, Usyk na bin shi kafaɗa da kafaɗa, sai Vitali da Wladimir, kuma ban damu ba in wani ya juya su biyun, sai Schmeling da Fury.

Akwai abu ɗaya da zai sa in canza. Lewis yana da shekara 37 ya buge mutumin da ya zo ya mallaki ajin bayanshi, wato ya ci zamaninshi ya kuma ci na gaba. Dubois yaro ne amma Joe Joyce ya riga ya tsaida shi tun 2020, ba shi ne magajin ba. Magadan su ne irin su Agit Kabayel na Jamus mai bugun ciki da ya buge Zhilei Zhang, da Moses Itauma, yaron nan bahago da mahaifinshi ɗan Najeriya ne, haifaffen 2004, da ya gama da Dillian Whyte a turmin farko a Riyad a 2025. Usyk haifaffen 1987 ne, lokaci ba ya wurinshi, amma in ya shiga fili da Itauma yaron na kan tashenshi ba a taɓa cin shi ba kuma ya ci shi, ranar zan sauke Lewis in ɗora shi.